Ajiyar Zafin Rana A Cikin Sinadari: Yadda Abin Yake, Inda Aka Kai, Da Abin Da Ya Shafe Mu

Akwai wata maƙwabciyarmu a nan Agege da ke yin sabulun wanki na sayarwa. Ina yaro, wata rana ta aike ni in matso mata da wani bokitin roba da ke gefen ɗaki. Ina kai hannu sai ta daka mini tsawa, ta ce, "Kai, ba wannan ba! Kar ka taɓa!" Amma na riga na taɓa gefensa, kuma na ji shi da zafi kamar yanzu aka sauke ruwan daga murhu. Na ce mata, "Inna, ina wutar da kika dafa shi?" Ta yi dariya ta ce babu wata wuta, soda ce kawai ta zuba a ruwan sanyi.

Sai da na kai aji biyar a sakandare malamin kimiyya ya warware mini wannan. Ya ce a masana'anta, kafin soda ta zama busasshiya, sai an ƙona makamashi mai yawa an kore ruwan da ke jikinta. Wannan zafin bai ɓata ba, yana nan maƙale a cikinta. Ranar da ta sake haɗuwa da ruwa sai ta mayar da shi. Ko da ta yi shekara a shago, matuƙar tana rufe ruf, zafin na nan.

A kan wannan hikima ne masu bincike a ƙasashe da dama ke ƙoƙarin gina rumbun ajiye zafin rana. Tun da maganar sola ta cika unguwanninmu, kuma kuɗin gas da gawayi na cin aljihun kowa, na ga ya dace in tattara abin da na fahimta game da wannan fanni a wuri guda, domin wanda zai ji labarinsa gobe ya san inda aka dosa.

Wannan ba shi ne solar da muka sani ba

Solar da ke kan rufin shaguna faranti ne da ke mayar da hasken rana lantarki, batir kuma ya ajiye lantarkin. Abin da nake magana a kai daban ne: zafin kansa ake ajiyewa. Kuma idan muka duba sana'o'inmu a nan kudu, zafi muka fi saye ba lantarki ba. Mai shayi zafi yake saye, haka mai tuwo, mai gashin nama, mai babbake ganda a kwata, mai busar da barkono da kifi, mai gidan burodi. Duk tukunyar gas ko buhun gawayi da suka saya, zafi suka biya kuɗinsa.

Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, ƙarfin ranar da ke sauka a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana kai wa kusan wat 1,000. Wato a awa guda, kusan yunit ɗaya ke nan irin wanda muke saye a mita. Matsalar ita ce rana na zuwa a lokacinta, mu kuma buƙatarmu na zuwa a namu lokacin. Mai shayi da asuba da dare yake ciniki. Turawa kuwa a lokacin hunturu suke neman zafi, alhali ranar tasu a lokacin bazara take. Duk binciken nan neman yadda za a cike wannan tazara ne.

Hanyoyi uku na ajiye zafi

Hanya ta farko ita ce a ɗumama abu a rufe shi, kamar ruwa a filas, ko bangon ɗakin laka da ke shan rana da yini ya riƙa fitar da ɗumi da dare. Manyan tashoshin lantarki masu aiki da zafin rana wannan hanyar suke bi. A Warzazat ta ƙasar Maroko akwai tashar Noor, wadda sashenta na farko ya fara aiki a 2016. A sashe na uku, dubban madubai ne ke tattara hasken rana a saman wata doguwar hasumiya, su ɗumama narkakken gishiri na musamman zuwa sama da digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Ana tara shi a babban tanki, ya ci gaba da ba da wuta kimanin awa bakwai bayan faɗuwar rana. Hanya ce da ta tabbata tana aiki, amma tana da iyaka: duk kyawun filas, shayin safe ba ya kai wa gobe da zafinsa. Kuma riƙe abu mai irin wannan zafi ba wasa ba ne. A 2024 tankin gishirin wannan sashe ya yi yoyo, aka dakatar da shi watanni masu yawa.

Hanya ta biyu ita ce narkewa da daskarewa. Ƙanƙara kan sha zafi mai yawa kafin ta narke, shi ya sa take riƙe sanyin kula. Akwai abubuwan da ke narkewa da zafin rana, idan sun zo daskarewa su mayar da zafin. A 1948 wata masaniyar kimiyya 'yar asalin Hangari, Mária Telkes, ta gwada wannan a wani gida a garin Dover na jihar Masachusets a Amurka, da wani gishiri da ke narkewa a digiri 32. Gidan ya yi ɗumi na ɗan lokaci, amma cikin 'yan shekaru gishirin ya rabu ya kwanta, ya kuma ci gwangwanayen da aka zuba shi, aka haƙura.

Hanya ta uku ita ce tamu ta yau: a yi amfani da zafin rana a raba wani sinadari gida biyu, a ajiye kowane ɓangare daban, sai ranar buƙata a sake haɗa su.

Ni da na taso a gidan fataken shanu, ga yadda na fahimci bambancin. Hanya ta farko kamar saniya ce a tsaye. Daga ranar da aka loda ta a Potiskum zuwa ranar da za ta sauka a kara, kullum zubewa take, idan kuma ciniki ya yi nawa, ramar na ƙaruwa. Hanya ta uku kuwa kamar busasshiyar kuɓewa ce ko kilishi: an cire ruwan, an ƙulle, ba ya raguwa don ya jira kasuwa. Sinadarin da aka raba zai iya hucewa ya yi sanyi ƙalau, ka taɓa buhun ba ka ji komai ba, amma ajiyar na ciki.

Kuma ba baƙon abu ba ne a halitta. Ciyawa da itace da hasken rana suke haɗa ruwa da iska su gina jikinsu. Idan muka hura itace ko gawayi, ranar shekarun baya muke fitarwa. Bambancin kawai, itace idan ya ƙone ya tafi ke nan, shi kuwa wannan rumbu ana so a cika shi a juye, a sake cikawa, sau ɗaruruwa ko dubbai.

Sinadaran da ake gwadawa

1. Farin dutsen siminti. Wannan shi ne dutsen da ake haƙa a wurare irin su Ewekoro a jihar Ogun, Obajana a Kogi, da Kalambaina a Sakkwato. Idan aka gasa shi ya kai wajen digiri 900, yakan rabu biyu: daga kilo 100 na tsantsar dutsen, kilo 44 ya fita a matsayin iskar kabon, kilo 56 ya rage a matsayin ƙonannen farin gari da masu aikin gini ke kira laim. Idan aka mayar masa da iskar kabon a wuri mai zafi, sai ya koma yadda yake, ya saki zafi mai tsananin da zai iya juya injin lantarki. An gina ƙaramar tashar gwajin wannan a Sebiya ta ƙasar Sifen, garin ƙungiyar ƙwallon nan, da tallafin Tarayyar Turai.

Akwai kuma zagaye na biyu da ya fi sauƙi. Shi ƙonannen garin idan ya sha ruwa yakan yi zafi har ruwan ya tafasa, ya zama jiƙaƙƙen laim, irin wanda masana'antun jima ke amfani da shi wajen cire gashi daga fata. Idan aka gasa jiƙaƙƙen zuwa wajen digiri 500, ruwan ya fita a tururi, ya koma ƙonanne, a shirye don wani zagayen. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, ta daɗe tana aiki a kan wannan. A 2019 kuma kamfanin SaltX na Suwidin tare da kamfanin wuta na Vattenfall sun buɗe tashar gwaji a Balin mai ɗaukar yunit 10,000 na zafi. Da lantarki aka riƙa cika ta ba da madubin rana ba, amma sinadarin da dabarar duk ɗaya ne.

2. Gishiri mai shan ruwa. Akwai nau'o'in gishiri, ba na miya ba, da ke riƙe ruwa a cikin ƙwayarsu. Zafi matsakaici, wanda bai wuce abin da akwatin ɗumama ruwa na kan rufi zai iya bayarwa ba ko ya ɗan ɗara, ya isa ya kore ruwan. Idan aka bi da danshi ta cikin busasshen gishirin sai ya yi ɗumi. A garin Aindoben na ƙasar Holan, jami'ar fasaha ta garin da cibiyar bincike ta TNO sun ƙera abin da suka kira batirin zafi, suka kafa kamfanin Cellcius don kai shi kasuwa. Gishirin da suka zaɓa shi ne babban sinadarin da ke cikin ruwan toka, wanda iyayenmu mata ke tacewa daga tokar kara ko itace. Zafin da yake bayarwa na wanka ne da ɗumama ɗaki, bai kai na gashi ko suya ba.

3. Soda. Ita ce dai ta bokitin Inna. A cibiyar bincike ta Empa a Suwizalan sun gina na'urar gwaji inda zafin bazara ke ƙafar da ruwan soda har ya yi kauri, rabi soda rabi ruwa. Ana ajiye shi a tanki watanni. Da hunturu sai a bar shi ya sha tururin ruwa, ya yi zafi, a ɗumama gida da shi.

4. Ziyolait. Wani ma'adini ne mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ana samun sa a ƙasa, ana kuma ƙera shi. Ɗan uwansa a aiki shi ne 'yan ƙwayoyin nan da muke tararwa a ƙaramar jaka cikin kwalin sabon takalmi, masu tsotse danshi. Ziyolait idan ya bushe sarai, ya haɗu da iska mai laima, yakan kama ruwan ya saki zafi, iskar ta fita a bushe kuma da zafi. A nan ruwan manne wa jikin ma'adinin yake yi, ba rikiɗewa ba, amma masana na lissafa shi cikin wannan dangi domin aikinsu iri ɗaya ne. Shi ne ma ya riga sauran shiga gidajen mutane: tun wajen 2008 kamfanonin Bosch da Siemens ke sa shi a injin wanke kwanuka don busar da su.

5. Amoniya. Ita ce iskar nan mai hawa kai da ake yin takin yuriya da ita, kamar yadda ake yi a masana'antun taki na Eleme a jihar Ribas da na Lekki a nan Legas. Ana haɗa ta ne daga iskar naitirojin da haidirojin, kuma haɗin na fitar da zafi. A shekarun 1970 wani masani a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya, Peter Carden, ya kawo shawarar a juya abin: a sa zafin madubin rana ya fasa amoniya zuwa waɗannan iskoki biyu, a tara su, da dare a sake haɗa su a samu zafin. A ƙarshen shekarun 1990 tawagar Keith Lovegrove a wannan jami'a ta nuna cikakken zagayen yana aiki da rana. Amfaninta shi ne masana'antu sun fi shekara ɗari suna haɗa amoniya, sun san halinta. Wahalarta kuwa, sai da tankuna masu jure matsi mai tsanani.

6. Ruwan da ke sauya siffa. A Jami'ar Chalmers da ke Gotenbag a Suwidin, Kasper Moth-Poulsen da abokan aikinsa sun haɗa wani ruwa da idan haske ya doke shi, ƙwayoyinsa kan lanƙwashe su ɗauki wata siffa, su tsaya a haka kamar tarkon da aka ɗana. A nan ba a raba komai biyu. Idan aka bi da ruwan ta kan wani sinadari mai kunna shi, sai ƙwayoyin su koma siffarsu ta asali, zafi ya fito. A 2018 sun ba da rahoton cewa zafin ruwan ya ƙaru da digiri 63 a gwaji, kuma lissafinsu ya nuna wani nau'insa zai iya riƙe ajiya har shekara 18. A lura, lissafi ne daga saurin da ruwan ke saki, ba wai an jira shekarun an gani ba. A 2022, tare da masu bincike a Shanghai ta ƙasar Sin, sun fitar da ɗan lantarki daga wannan zafi, amma ƙanƙani ne ƙwarai.

Lissafin da na yi wa Baba

Da na ba mahaifina wannan labari, tambayar ɗan kasuwa ya yi mini. Ya ce, "To kai, tun da abin ba ya rama a hanya, me zai hana a loda ranar Sakkwato a tirela a kawo Legas a sayar?" Na ce, "Baba, bari in buga lissafi tukuna."

Ga abin da ya fito. Kilo ɗaya na ƙonannen laim yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na litar ruwa, ya ba da zafin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na yunit. A takarda, wannan zai iya kai lita uku da rabi na ruwa ga tafasa, idan babu asara ko kaɗan. Idan aka kwatanta da ruwan zafi a tanki, ya ninka shi sau huɗu ko fiye a nauyi ɗaya, kuma ba ya hucewa. Nan ne ƙarfinsa yake.

Amma kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da kusan yunit 13. Wato sai ka tara kilo 40 na laim kafin ka kamo kilo ɗaya na gas. Buhu mai kilo 50 zai ba ka wajen yunit 16, tukunyar gas mai kilo 12.5 kuwa wajen yunit 160. Buhu goma ke nan a kan tukunya ɗaya. Tirelar da ke ɗaukar buhu 600 za ta kawo zafin tukunya 60 kacal. Sannan bayan an yi amfani da shi dole a mayar da kayan arewa a sake gasawa, kuma a lokacin sun ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda ruwan da suka sha. Tafiyar kusan kilomita dubu a zuwa, wani dubun kuma a dawowa.

Baba ya girgiza kai ya ce, "Ashe kuɗin mota zai cinye uwar kuɗi." Haka ne kuwa. An taɓa gwada jigilar zafi a mota a garin Ham na Jamus, inda aka riƙa cika tan 14 na ziyolait da zafin da ke fita daga wurin ƙona shara, a kai wa wata masana'anta ta yi busarwa da shi. Amma tazarar ba ta kai kilomita goma ba. Wannan fasaha ta tsallake lokaci ce, daga rana zuwa dare ko daga rani zuwa damina. Ba ta doguwar hanya ba ce.

Abin da ya hana shi cika kasuwa

Na farko, sinadarin na gajiya. Garin laim idan aka yi ta gasawa ana jiƙawa yakan dunƙule, tururi ya kasa ratsa shi. Dutsen da ake mayar wa iskar kabon kuma ramukansa kan toshe, bayan zagaye kaɗan ya rage ɗauka. Gishiri yakan kumbura ya tsuke, ya farfashe, ko ya sha ruwa fiye da kima ya zama kunu. Yawancin binciken da ake yi yanzu a kan wannan ne. SaltX, alal misali, lulluɓe ƙwayoyin garinsu suka yi da wani siririn rufi don kada su manne da juna.

Na biyu, gari ba ya wuce da zafi da sauri. Ko a murhu, toka rufe garwashi take yi. Shigar da zafi cikin tan-tan na gari da fitar da shi a kan lokaci na buƙatar na'ura mai tsada.

Na uku, ci da lalata ƙarfe. Soda da yawancin gishirin nan suna cin tanki da bututu, abin da ya kayar da gidan Telkes tun farko.

Na huɗu, ba duk abin da aka zuba ake kwashewa ba. Zafin da kayan suka ɗauka a jikinsu lokacin gashi yakan tafi idan sun huce, haka zafin da ke bin tururi, sai in an yi dabarar kama shi.

Na biyar, gasa a kasuwa. Farashin farantin sola da batir ya sauko sosai cikin shekarun nan, tankin ruwan zafi kuma na da arha. Don ajiyar dare ɗaya, da wuya sinadari ya doke su. Inda ake sa ran zai yi fice shi ne ajiyar makonni ko watanni, da kuma zafi mai tsanani da masana'antu ke nema.

Mu da ke zaune a kudu fa?

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata mu sani. Na ɗaya, madubi ba ya tattara rana sai tana fitowa kai tsaye, irin wadda ke yin inuwa mai kaifi. Farantin sola na iya aiki ko da hadari, madubi kuwa a'a. Legas, Fatakwal, Onica da Ibadan na shafe watanni cikin gajimare, don haka nau'o'in da ke buƙatar digiri 500 zuwa 900 ba nan ne gidansu ba. Arewa mai nisa ta fi dacewa da su, ko da yake can ma ƙurar hunturu na dusashe rana tana kuma ɓata madubi.

Na biyu, laima. Duk wanda ya taɓa ajiye siminti a shago da damina ya san yadda buhu ke zama dutse ba tare da an zuba masa ruwa ba. Danshin iska ne ya shige shi a hankali. Haka zai faru da rumbun zafi idan marufinsa ya sami ɗan rami: zai zubar da ajiyarsa kaɗan-kaɗan ba wanda ya sani, ranar buƙata a tarar da fanko.

Sai dai ni a ganina wannan laimar tana iya zama riba ta wani gefen. Babbar wahalar mai kilishi, mai barkono da mai kifi a kudu ita ce iskar kanta a jiƙe take, shanya ba ta bushewa sai ta yi fumfuna. Ziyolait kuwa jiƙaƙƙiyar iska yake so, ya mayar da ita busasshiya mai zafi. Idan wata rana wannan fasaha za ta shigo sana'o'inmu, ina kyautata zaton ta ƙofar busar da kaya za ta shigo, ba ta ƙofar murhun girki ba. Wannan hasashena ne, ba alkawarin kowa ba.

Gargaɗi biyu

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada a gida. Ƙonannen laim da soda suna cin fata, idan kuma suka fantsama a ido suna iya makantar da mutum. Masu sabulu sun san ƙa'ida: soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma a nesa da yara. Wanda abin ya taɓa, ya yi ta wanke wurin da ruwa mai yawa, a garzaya da shi asibiti. Amoniya kuwa shaƙarta da yawa na kisa.

Sannan a kula da 'yan damfara. Duk lokacin da sabon abu ya yi suna, sai ka ga an fito da takardar zuba jari ko wani akwati mai sheƙi. In ban da irin na injin wanke kwanuka, kusan duk abin da na lissafa a sama yana matakin ɗakin bincike ne ko tashar gwaji. Idan wani ya zo maka da "batirin zafin rana" na sayarwa, yi masa tambayoyin da za ka yi wa dillalin da ba ka sani ba. Wane sinadari ne a ciki? Digiri nawa ake buƙata kafin ya cika, kuma me zai kai shi wannan zafin? Yunit nawa yake ɗauka, kuma kilo nawa ne nauyinsa? Sau nawa za a cika a juye kafin ya gaji? Wa zai gyara idan ya lalace? Idan ya ce maka ɗan akwatin da za ka ɗauka da hannu ɗaya zai yi maka girkin mako, tuna da lissafin buhu goma a kan tukunya ɗaya.

Ga ƙannenmu da ke makaranta kuma, ku riƙe darasin kimiyya da kyau. Dutsen da ake wannan bincike da shi muna da shi a Ogun da Kogi da Sakkwato, ranar kuma muna da ita a gida. Inna mai sabulu har yanzu tana sana'arta, kuma na gaya mata cewa a Suwizalan akwai masu digiri da ke ɗumama gida da abin da ke cikin bokitinta. Ta ce in gaishe su, in kuma ce musu su riƙa sa safar hannu.